Tagar Ƙofar Kicin

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarmu da yara. Yaya ƙafar? Allah ya sa ba ta sake tashi ba. Mu ma nan sai godiya.

Takardarka ta iso. Abin da ka ji gaskiya ne, an sayar da otal ɗin, kuma waɗanda suka saya rushe shi za su yi. Manaja ya ce kafin a rufe za a yi liyafar rana ta bankwana, a gayyato tsofaffin baƙinmu, masu zuwa hutu bakin tafki tun muna samari.

Tun da na ji nake ta tuna baya. Yaya, ashe mun sha daɗi! Ka tuna babban ɗakin cin abinci da hantsi, yadda rana take dukan ruwan tafki, haskensa ya riƙa rawa a silin? Au, na manta, daga wurin wanke-wanke ba a hango silin. To, haka yake yi. Ga fararen mayafan tebur suna ƙamshin guga, ga mu 'yan gaba cikin fararen kwat muna shawagi tsakanin kujeru, tire a tafin hannu. Tsohon alƙalin nan da yake jera ƙayoyin kifi a bakin faranti, kai ta farantinsa ka san shi, ni kuwa da baki muke gaisawa. Ba ya yarda kowa ya zuba masa shayi sai ni.

Sai na zo kan roƙonka. Wallahi sai da na yi dariya har hawaye. Wai a bar ka ka sa farin kwat sau ɗaya, ka kai abinci tebur ɗaya, kafin a rushe ginin. Yaya, da furfurarka? Ka fi kowa sanin dokar marigayi Baba Ƙa'ida, shugabanmu na da: a cika tambulan da ruwa maƙil a kan tire, ka ɗauka daga ƙofar kicin har teburin bakin taga. Ɗigo ɗaya ya zuba, ka zama ɗan baya har abada. Ban manta ba, kai ka kawo ni otal ɗin, kai ka koya min riƙon tire da kwanonin Inna a tsakar gida. Rana ɗaya aka gwada mu. Katakon nan mai lotsawa kusa da ginshiƙi ya haɗu da ɗingishinka, ni kuwa na ga inda ka taka, na tsallake. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Duk da haka ɗan'uwa ɗan'uwa ne, kuma yanzu ɗakin a hannuna yake. Bari in yi tunani.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya matarmu? Ka ce mata ina nan ina jin haushin ta manta da ƙaramin mijinta.

'Yarka ta fari ta biyo ta nan, ta tona maka asiri. Wai kullum da sassafe kana tsakar gida da murfin tukunya da kofuna cike da ruwa, kana kai da komo, har maƙwabta sun fara leƙe ta katanga. Wai har ka sa an ajiye maka guntun katako a hanya don ka saba. Da na ba 'yan gaba labari, ɗayansu sai da ya ajiye tire ya riƙe ciki. Kada ka ji haushi, duk ƙauna ce.

Na yi magana da manaja. Ya ce shi ba ruwansa, ni ke da ɗakin. To ga shawarar da na yanke: ka zo da safe ranar liyafa, a gwada ka a gaban kowa kamar yadda aka yi mana. Ba zan sassauta ba don kana yayana, kada a ce na yi son kai. In ka kai ruwan lafiya, teburin bakin taga naka ne, na alƙali. Na ma ciro maka tsohon kwat ɗina na farko, an wanke an goge. Zai ɗan matse ka a kafaɗa, amma ba wanda zai lura.

'Yarka ta ce za ta zo da jikokinka su ga kakansu a gaba. Na ce mata baƙi kawai ake bari su shiga, amma za su iya tsayawa a lambu, ta taga ana ganin teburin sarai.

Sai ka zo. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙaninka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka gaisuwa ta girmamawa. Ina fata ka isa gida lafiya, tunda ka tafi ba ko sallama, kuma na aika sau biyu an ce kana kwance ba ka son magana. Allah ya ƙara sauƙi.

Da farko bari in yaba maka. Ban taɓa ganin an ɗauki tire kamar yadda ka ɗauka ba. Da ka iso ginshiƙi, ka ɗan karkata, ka wuce, ruwan ko motsi bai yi ba. Kuku da kansa ya fito yana tafi. Daga nan ka sa kwat ɗin, ka saka maɓallansa ɗaya bayan ɗaya.

Amma Yaya, ka yi min adalci. Injin wanke-wanke an riga an sayar, ma'aikatan baya kuma rabinsu sun kama aiki wani wuri. Baƙi sun fara zama, tambulan masu tsabta sun ƙare. Wa zan kira? Duk otal ɗin nan ba a taɓa yin mai wanke gilashi ya fito ba tabo kamarka ba. Baba Ƙa'ida ma ya sha faɗa cewa asara ce a kai hannunka gaba. Na ce maka: "Yaya, taimaka min da waɗannan kawai, da an kawo kifi zan kira ka." Ka dube ni, ka naɗe hannun kwat, ka shiga wurin wanke-wanke. Da niyyar kiran na faɗa. To amma ka san yadda ɗakin yake in ya ɗauki zafi, mutum ko sunansa mantawa yake yi. Ga shi alƙali yana zama ya tambaya ina yaron nan nasa, wato ni. Tsoho ne, bai kamata a sauya masa hannu a ranar ƙarshe ba.

Tunda ba ka gani ba, bari in ba ka labari. Liyafa ta yi kyau ƙwarai. Hasken nan ya yi ta rawa a silin kamar ya san bankwana ake yi. Wata tsohuwar baƙuwarmu mai manyan huluna ta yi kuka a kafaɗata. Alƙali ya ɗaga tambulan ɗinsa ga taga, ya ce bai taɓa shan ruwa a gilashi mai tsabta irin na otal ɗin nan ba, ya yi min godiya. Na karɓa a madadinmu duka.

Jikokinka sun daɗe a lambu, rana tana dukansu. Ƙaramin ya ɗora haɓarsa a bakin taga, duk mai farin kwat da ya gifta sai ya nuna shi da yatsa. Na aika musu da lemo. 'Yarka ta mayar da shi ba a buɗe ba, kuma ta faɗa min wata magana da ba a faɗa wa baffa. Ka ja mata kunne.

Kwat ɗin ka riƙe, na bar maka. An ce hannayensa sun jiƙe har gwiwa, matarmu ta jiƙa shi da wuri kada maiƙo ya zauna.

Ga hoton da aka ɗauka bayan an gama, na sa maka a ciki. Duk 'yan gaba ne, ni ne a tsakiya kusa da alƙali. Kada ka ce ba ka ciki. Ka duba bayanmu da kyau, wajen ƙofar kicin, ƙaramar tagar nan zagayayya da kake leƙo mu ta cikinta duk shekarun nan. Fuskar ba ta fito ba sosai, amma in ka matso da shi kusa da ido, ana ganin farar kwalar kwat.

Ka nuna wa yaran.

Ƙaninka mai ƙaunarka,
Auta