Binciken Zumar Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba? Ki gaida Inna da yara. Ni lafiya lau, sai gajiya, ita ma da sauƙi.

Kin ce in aiko da binciken da na rubuta kan yadda Baba yake kiwon zuma, ki karanta masa. An buga shi a wata mujalla, amma aikowa ta gagara. Masu mujallar sun turo mini takarda shafi tara, na ɗauka shaida ce cewa aikina ne, na sa hannu ban karanta ba. Ashe sa hannun nan cire hannu ne, haƙƙin mallakar duka na miƙa musu.

Jiya na roƙi mai kula da laburarenmu kwafi ɗaya. Ta duba yarjejeniyarsu da masu mujallar, ta ce a kwamfutarsu kawai ake karantawa. Aikin shekara uku fa, Yaya.

Ki faɗa wa Baba sunansa yana shafin farko, na gani da idona. Sauran kada ki gaya masa. Shi da bai taɓa ɗibar zuma bai bar wa ƙudan rabonsu ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki