Ƙafar Sale Ta Kai Ƙasa

Zuwa ga ƙanena Malam Habu, a Jos.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyin garin naku? Da fatan ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan Makarfi lafiya lau, dawa ta fid da kai.

Labarin ɗanka Sale ne. Babur ɗin nan da yake aikin malamin gona da shi, shokazobarsa ta baya, ƙarfen nan mai sifirin, ta karye a hanyar Dandamisa. Sabuwar da aka kawo daga Zariya ta fi tsawo, shi kuwa tsayinka ya gado. In ya tsaya, ƙafa ba ta kai ƙasa. Sau biyu yana kifewa garin gaida manya, sai ya koma ɗaga hannu ya wuce. Gari ya ɗauka yaro ya zama Bature. Har Liman ya aiko cewa a dakata da maganar auren Sale da 'yarsa.

Na kai Sale da babur ɗin wurin Tanko maƙeri. Ya auna ƙafar yaron da kara, ya ce mini, "Baba, wannan ya gama tsawo, sai dai ƙarfen ya rage nasa." Ya datse sifirin, ya mayar.

Jiya Sale ya tsaya a ƙofar Liman, ya dire ƙafa, ya sauka, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Liman ya dube shi ya ce, "Ashe babur ɗin yana tsayawa." Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma.

Ka taya mu addu'a abin ya tabbata bayan kaka. A gaida Hajara da yara.

Yayanka,
Idi