Gidauniyar Kwalbatin Tumfure

Tumfure, Gombe
Watan Maris

Zuwa ga matata, Maman Bernard,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya jikin Bernard? Yaya gajiyar jinya, yaya kuma baƙunta a Jos? Mu nan lafiya, sai zafin da ya sako mu gaba, da kewarku.

Na ba direban da ya saba kai miki saƙo garin masara da gyaɗa da kuka, tare da wannan takarda. Kin san ni da waya. Da zarar na ji muryarki, ga nishin marasa lafiya a bayanki, sai in ce komai lafiya in kashe. Shi ya sa na koma ga biro.

Tun da na dawo ban daina ganin yaron nan a idona ba. Bernard da ke hawa tsani da wayar wuta a kafaɗa kamar ƙadangare, yau faɗuwa ɗaya daga saman bene ta sa ko yatsan ƙafa ba ya iya motsawa. Maganar likita tana nan a raina, cewa ƙashin bayan yana danne laka, kuma tiyatar ba ta son jinkiri. Baikon kuɗin da aka tara mana a coci kin san magani ya cinye shi. Na je bin haƙƙina na ritaya, an ce in ƙara haƙuri. Gonar kuwa na sa ta a kasuwa, amma masu saye sun ji ƙamshin matsuwa, tayin da suke yi zagi ne kawai.

Ranar Asabar na je taron ƙungiyarmu ta Hannu Da Yawa, a ajin firamaren nan da muka saba. Kada ki ce ban damu ba, Jacinta. In na zauna a gida bango ne ke kallona. Da yake 'yan'uwanmu Musulmi suna azumi, da wuri muke tashi yanzu. Alhaji Iro, shugabanmu, ya buɗe da addu'a, ni na rufe, kamar yadda muke yi tun kafuwar ƙungiyar. Sun tambayi jikin Bernard, na ce da sauƙi. Ban gaya wa kowa maganar tiyata ba.

Mun ragu ƙwarai. Matasan da muka jawo bara sun zo sau biyu sun ga ba a raba komai, sun ɓace. Mu tsofaffin ne dai, sai Abdulrasheed sakatarenmu, wanda shi kaɗai ne mai baƙin gashi a cikinmu. Duk da haka an tsayar da magana: bana za mu ƙaddamar da gidauniyar gina kwalbati a kwarin bayan firamare, inda ruwa ya tafi da 'yar Uwa mai ƙosai daminar bara, tana dawowa daga makaranta. Ni da Alhaji Iro aka ɗora wa bin shaguna. Haka na wuni jiya ina shiga ina fita a babbar kasuwa, bakina ya saba da roƙo don jama'a, yana zuba kamar famfo. Sau da yawa na ji kamar in ƙara da cewa ni ma ɗana yana kwance, sai harshe ya ƙi. Wanda ya saba miƙa wa wasu, tafin hannunsa ba ya juyuwa sama da sauƙi.

Ki riƙa cin abinci. Ki gaya wa Bernard babansa yana ta ƙoƙari. Ubangiji ya kiyaye ku.

Mijinki,
Nehemiah


Tumfure, Gombe
Watan Afrilu

Maman Bernard,

Salama a gare ki. Ina fatan kun yi Ista lafiya, ko da yake na san a bakin gadon asibiti kika yi ta. Yaya mai jiki? Kin ce bayansa ya fara yin gyambo saboda kwanciya. Wannan magana ta hana ni sakat.

An yi bikin gidauniyar bayan Sallah. Mun kafa rumfa a filin firamare, muka ari lasifika. Manyan da muka aika wa takardar gayyata yawancinsu wakilai suka turo da alkawari, amma talakawan unguwa sun ba ni kunya da alherinsu. Masu keke sun haɗa nasu, zumuntar mata ta cocinmu ta kawo, matan islamiyya suka kawo, har masu sayar da ruwa a kura. Can wajen ƙarshe Uwa ta taso daga bayan taro, ta ajiye nata a ƙulle cikin leda, duk ya sha mai, ta koma wurinta. Abin da aka samu zai isa a zuba ginshiƙi a rufe kafin ruwa ya sauka.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ashe kin yi waya da Hajiya Bilkis, matar Alhaji Iro, kin gaya mata komai. Ban ga laifinki ba, ciwo ne ya yi miki yawa. A taron Asabar ɗin da ta biyo baya, ana gama karanta bayanin taron baya, sai Alhaji ya miƙe ya zayyana wa mutane halin da muke ciki, ni ina zaune kamar an tuɓe ni a kasuwa. Ya ce a ɗauki kuɗin gidauniyar a yi wa Bernard tiyata.

Abdulrasheed ya nemi izini ya karanta dokar ƙungiya, wadda ta ce ɗan ƙungiya ko iyalinsa ba za su ci moriyar abin da aka tara da sunan jama'a ba. Kin san ni na rubuta wannan doka da hannuna, don mun ga yadda son kai ya kashe ƙungiyoyin da suka riga mu. Yaron bai yi rashin kunya ba. Ya ce ni na koyar da shi a aji huɗu, kuma da yana da kuɗin da ya bayar daga aljihunsa, amma mutane don kwalbati suka bayar, kuma damina ba ta san uzurin kowa ba. Wasu suka goyi bayansa, wasu suka hau shi da faɗa, har aka fara nuna wa juna yatsa, abin da ban taɓa gani a ajin nan ba.

Sai Alhaji ya kawo mafita. Ya ce in ajiye zama ɗan ƙungiya, in koma mutumin unguwa kamar kowa, sai doka ta sake ni. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam Nehemiah, kwalbati zai jira baɗi. Ƙashin bayan yaron nan ba zai jira ba."

Jacinta, da wani aka kawo wa wannan dabara, ni ne zan fara cewa zagaye doka ne. Na so in miƙe in ce na gode, a bar wa yaran unguwa kuɗinsu. Na dafa benci ma zan tashi, sai na koma na zauna. An ɗage maganar zuwa Asabar mai zuwa, an ce in yi shawara da iyalina.

Ga shi ina shawara da ke, amma na san amsarki, kuma ina tsoron ita ce tawa. Ki yi mini addu'a.

Naki har kullum,
Nehemiah


Tumfure, Gombe
Watan Mayu

Matata,

Ina gaishe ki, ina gaida ɗana. Na ji daɗi da kika ce kuɗin ya shiga kuma an sa ranar aiki. Zan taho in an kusa.

Ba ki tambaye ni yadda aka ƙare ba, amma gara ki sani. Na miƙa takardar barin ƙungiya, na fita na tsaya ƙarƙashin dalbejiyar bakin aji, aka kaɗa ƙuri'a ba da ni ba. Da kyar masu goyon bayan Alhaji suka rinjaya. Abdulrasheed ya ajiye sakatarenci nan take, wasu suka bi shi. Da ya fito ya gan ni, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya wuce. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhaji ya ce ba za a yi abin a ɓoye ba. Shi da kansa ya sanar a masallaci, ya roƙi fasto ya sanar a coci. Akwai waɗanda suka ce ceton rai ya fi komai. Akwai waɗanda suka ce dama haka ƙungiyoyi suke, a tara da sunan talaka a raba a tsakanin juna. Na ji an ce wasu sun daina sayen hatsi a shagonsa, amma in na tambaye shi sai ya kawo wata hira.

Asabar ɗin nan da ta wuce, bayan azahar na yi wanka na sa hula, har na kai bakin ƙofa kafin na tuna ba ni da inda za ni. Na koma na zauna da hular a kaina har rana ta faɗi.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ban taɓa ganin shekarar da na ƙi jinin ƙamshin ruwa ba sai bana.

Ubangiji ya ba likitoci sa'a.

Nehemiah


Tumfure, Gombe
Watan Yuli

Zuwa ga Maman Bernard,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jikinsa? Yaya naki ƙafafun da kika ce suna kumbura? Na gode wa Allah da kika ce gyambon ya warke, kuma yanzu yana zama a keken guragu ba tare da an riƙe shi ba. Maganar ƙafafun kuwa, na ji abin da likita ya ce, cewa kada mu sa rai da yawa. Tun ranar da na baro ku bayan aikin na gane hakan a fuskarsa. An ceci ransa, ciwon ya lafa, zai zauna ya ci da hannunsa. Ina maimaita wa kaina wannan safe da yamma, wata rana ya ishe ni, wata rana bai isa ba.

Kin ce in gaya miki gaskiyar labarin gida kafin ku dawo. Ruwa ya sauka da ƙarfi bana. Kwarin ya ƙara faɗi, ya cinye itacen da aka gitta ana takawa. Duk ranar da aka yi ruwan safe, yaran ɓangarenmu ba sa zuwa makaranta, iyaye sun hana. Ba a rasa kowa ba, Jacinta, kuma kullum hadari ya taso ina zuwa in tsaya a bakin kwarin da lema ina kora yara baya. Ba wanda ya sa ni. Wasu na gaishe ni, wasu na kawar da kai.

Ƙungiya kuwa sai dai suna. Alhaji ya ce makonni ke nan ba su cika adadin da za a yi taro ba, daga shi sai mutum biyu ko uku, su yi addu'a su watse. Ya je neman sababbin mambobi, duk wanda ya tunkara sai ya tambaye shi ina kwalbati. Ya rame. Ya ce in dawo, tunda an gama abin da aka fitar da ni dominsa. Na ce masa in na dawo, maganar masu zargi ta tabbata ke nan. Bai musa ba. Abin da muka gina tun muna da ƙarfinmu, wanda ya haƙa rijiya, ya yi wa makaranta rufi, ya binne marasa gata na kowane addini, ɗana ne ya zama sanadin rushewarsa, kuma da za a sake ba ni zaɓi na san abin da zan sake zaɓa. Wannan ne ke cina.

Tun watan Mayu nake sauya hanya don kada in bi ta gaban kaskon Uwa. Shekaranjiya na ce abin ya isa, na je. Na tarar tana kwashe ƙosai, na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na ce na zo ne in ba ta haƙuri, kuma in an sayi gona zan mayar mata da abin da ta bayar.

Ta ce, "Malam, ka bar shi. Da a ce kuɗi zai dawo mini da tawa, da na kwashe na duk unguwar nan ban waiwaya ba. Ban ga laifinka ba. Amma kada ka ce in taya ka murna."

Ta ƙulla ƙosai a takarda ta miƙo mini, ta ce in Bernard ya dawo a gaishe shi. Na karɓa, na taho.

Game da dawowarku ranar Talata: mota ba za ta iya ƙarasowa gida ba, hanyar ta yanke. Ki ce wa direba ya tsaya a bakin firamare. Alhaji ya ce zai zo da majiya ƙarfi, a tallafe shi a haye da shi, keken kuma a ɗauko a ka. In an yi ruwa da safe, ku dakata a tasha sai ya janye, zan kira ki. Na gyara ɗakin gaba, na fasa dokin ƙofa don keken ya shiga.

Roƙona ɗaya. Bernard yana zaton gona aka sayar. Kada ki gaya masa komai a hanya. Zai ga kwarin da idonsa, zai ji a bakin mutane, ba makawa. Ki bar ni in gaya masa da bakina, in ya huta ya ci abincin gida.

Ubangiji ya kawo ku lafiya. Ina jiran ku.

Mijinki,
Nehemiah