Kwaramniyar Injin A-kori-kura

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙarfin jiki, yaya Inna?

Ina lafiya, sai dai ana ta rage ma'aikata a garejinmu, har an ce ni ma in shirya. Na ɓoye muku ne don kada ku damu.

Shekaranjiya aka kawo wata a-kori-kura, injinta yana kwaramniya, na'urar gwaji ta kasa gano komai. Na ɗora sukundireba a kan injin, na kara kunne a ƙota yadda ka koya min. Ashe sarƙar tayimin da ke cikin injin ce ta saki.

Mai garejin ya ce, "Kai kana nan, ba za a sallame ka ba. Wa ya koya maka?"

Na ce babana. Na juya na share ido da tsumma, baƙin mai ya ɓata min fuska.

A ƙara sa min albarka.

Ɗanka.