Kun Yi Zaɓe Assumana Yana Gona

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Zaɓen 'Yan Ƙwallon Kwando na Makarantun Jahar Tawa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina neman ahuwa tun da fari, don maganata ba mai daɗi ba ce. Sunana Illa, kabu-kabu nake yi a garin Tawa. Ni ne kawun Assumana, dogon yaron nan na makarantar lise, ɗan wani ƙauye a bayan Takanamat, wanda ke zaune gidana tun shigarsa koleji. Kun sanar da yaran da za su wakilci jaharmu a Yamai, babu shi a ciki. Tun ranar fadarmu ta zaman hira ba ta da wani zance. Har Mamman mai shayi, wanda Assumana ya kori makarantar unguwarsu daga gasar bara, ya ajiye buta ya rantse cewa an yi zalunci.

Na ɗaya. Na je wurin sakatarenku, ya ce mini yaron bai zo gwaji ba. Gaskiya ne, bai zo ba. To yaushe kuka sa gwajin? Ƙarshen Satumba, 'yan makaranta ba su koma lakkol ba, hatsi ya nuna, kowane ɗan ƙauye na gonar ubansa da magirbi a hannu. Haba, ranka ya daɗe! Wa ya taɓa kiran ɗan ƙasarmu ta Adar wasa ana tsakar girbi? Ko ku fura daga sama take faɗo muku?

Na biyu. Sanarwar ta waya kuka aika, cikin guruf ɗin masu horarwa na birni. A ƙauyen su Assumana sai mutum ya hau tudu yake samun rezon waya, shi ma in Allah ya yarda. Ni da nake nan cikin gari, kullum ina wucewa da babur ta ƙofar ofishinku, babu wanda ya ce mini uffan. Wallahi da na ji, da ranar na ajiye aiki na je na ɗauko shi. Ku duba waɗanda kuka ɗauka, duk 'yan birni ne. Ban ce ba su iya ba, akwai biyu ko uku da ni ma nake tafa musu. Amma ku kira ta tawagar garin Tawa, ku daina ce mata ta jaha.

Na uku, wanda shi ya hana ni ci da sha. Uban yaron bai taɓa son wanga karatu ba. Yayyensa duka suna cin rani a Abijan, shi kaɗai ya rage. Bara ni na durƙusa gaban surukin nawa, mijin 'yar'uwata, na roƙe shi ya ƙara wa yaro shekara guda, na ce za a ɗauke shi Yamai, manya su gan shi, karatu ya ci gaba. Ya ce: "Illa, na ba ka shekarar. In ba a ɗauke shi ba, hatsi na shiga rumbu zai bi yayyensa." Hatsi ya shiga rumbu. Mutumen ba ya magana biyu, kuma ba ni da bakin sake roƙonsa, don ku kuka tabbatar mishi da zancensa.

Ba alfarma nake nema ba. Ina roƙo ku kira Assumana da sauran yaran ƙauyuka da girbi ya riƙe, irin na Kalfu da Tebaram, ku sa su fili ɗaya da waɗanda kuka zaɓa, a gaban jama'a. In an fi shi, ni da kaina zan kai shi tasha. Kuma daga bana ku daina sa gwaji kafin a koma lakkol.

Amma ku hanzarta, motar Abijan da Assumana zai shiga ran Asabar za ta tashi. Jiya ya zo ɗaukar kayansa, ya kira ɗana ya miƙa mishi takalman wasansa, ya ce inda za shi silifa ma ta isa. Na kasa ɗaga kai in dube shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya raya maka naka 'ya'yan su gama karatunsu a gabanka.

Wassalam.

Illa, kawun Assumana, Tawa.