Igiyar Jirgi da Hannun Yaya Garzali

Litinin, 5 ga Yuni 2006
Yaya Garzali ya samu aiki a tashar jiragen ruwa ta Wilmington: ɗaure jirage idan sun iso, kwance su idan za su tashi. Mil ɗari biyu da ɗoriya daga nan, na duba taswira. Zai fara ranar 19. Sun ba shi littafi mai shafi arba'in da ɗaya, shi kuwa Turancinsa na baki ne. Ya ajiye mini a kan tebur, wai tunda na gama jami'a sai in ci amfanin digirin, in mayar masa da shi Hausa. Ilmin ƙididdiga na karanta. Ban taɓa ganin teku ba.

Laraba, 7 ga Yuni
Na wuni a laburare. Anka, ƙarfen da ake jefawa ruwa don jirgi ya tsaya, kowa ya san ta, kuma ba aikinsa ba ce, ta mutanen cikin jirgi ce. Gungumen ƙarfen bakin tasha da suke ce wa bolad na rubuta masa turke. Igiyar goshi, igiyar baya, sai biyu da ake gicciyewa don kada jirgi ya zame gaba ko baya. Kalma talatin da bakwai. Har nan lafiya.
Shafi na 23 ne ya hana ni cin abinci. Igiyar ta kai kaurin damtsena. In ta tsinke tana ɗame, dawowa take da ƙarfin da zai karya mutum. Kada a tsaya cikin lauyinta. Kada a naɗa ko da siririyar igiyar jifa a hannu. Sun ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.

Asabar, 10 ga Yuni
Na karanta masa shafin sau biyu. Dariya ya yi. Wai shekara goma sha huɗu yana jan guga a rijiya mai gaba arba'in a garinmu, tun ina goye a bayan Inna, yau ni zan koya masa igiya.

Talata, 13 ga Yuni
Na gani da idona. Muna sauko da firijin maƙwabciyarmu Angelina daga bene, shi yana sama da igiya. Kafin ya ja, hannunsa ya yi zagaye biyu a wuyan hannu, ƙafarsa ta take ragowar. Haka kowane mai jan ruwa yake yi a wajenmu, don kada guga ya kuɓuce. Na ce, "Yaya, ka naɗa." Ya kalli hannunsa kamar na wani. Bai san ya yi ba.
Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Kansa ya haddace talatin da bakwai ɗin. Hannun bai karanta komai ba.

Juma'a, 16 ga Yuni
Na gaya wa matarsa Fassouma. Cikinta wata bakwai, da na sani da ban faɗa ba. Ta ce in bar shi ya tafi, shekara uku yana wankin kwanuka, ba ta taɓa ganinsa yana tafiya da kai sama kamar makon nan ba.
Na yi tunanin in ce masa littafin ya nuna sai mai takardar makaranta. Ƙarya ce. Ban iya ba.

Lahadi, 18 ga Yuni
Yana loda jaka na ɗauki safar hannunsa ta aiki, na rubuta da baƙin alƙalamin maka a bayan kowace: SAKI. Ya ce, "Aissa, so kike Turawa su ce ƙanwata ke kiwona?" Amma ya sa su a jaka.

Alhamis, 29 ga Yuni
Sau huɗu na kira shi yau. Ya ɗauki ɗaya.

Alhamis, 6 ga Yuli
Shi ya kira, ƙarfe huɗu da minti goma, ina cikin bas. Muryarsa ba tasa ba. Suna jawo babbar igiya da siririyar, jirgin ya ɗan ja baya, igiyar ta fara gudu. Ya ce hannun ya riga ya yi zagaye ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ga rubutun. Ya buɗe yatsu, igiyar ta tafi da safar hagu cikin ruwa.
Na sa ya ƙirga mini yatsunsa a waya. Goma. Na wuce tashata har da tasha biyu.

Asabar, 22 ga Yuli
Na sayi sabuwar safa. Fassouma ta ce a sa a gidan waya, na ce ai gara in kai da kaina, kada ta ɓata a hanya. Bas ɗin ƙarfe bakwai da rabi.
Jiya ban kira shi ba, sai da safen nan na lura. Da na kira ya ce gobe wani jirgi mai tsawon mita ɗari biyu da sittin zai shigo, igiya goma sha biyu, kuma shi ne a kan turken goshi. Akwai wurin da ake barin baƙi su tsaya. Zan ƙirga igiyoyin kawai, in ga ko daidai ya faɗa.