Ƙafar da Ubale Ya Sauke

Danau Kota, Kuala Lumpur
Ranar Talata

Zuwa ga ƙanena Sharif Tela, Gezawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da Azumi da yara da mutanen layi, har da waɗanda suka yi shiru ranar da aka yi mini abin da aka yi mini.

Takarda na rubuto don maganar ba ta waya ba ce. Bangon gidan nan kamar kwali, in ka yi tari a ɗaki sai a yi maka sannu daga kicin. Kausar matar ɗana Zulkiflu ce za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka. Na ce kada ta karanta, ta ce, "Baba, rubutunka na yaƙi da jahilci ko na so ba zan iya ba." Ka ji 'ya'yan yanzu.

Idon dama an kankare yanar, ina gani tar. Na hagu sun ce sai a hankali. Muna hawa na goma sha tara, ni da tsuntsaye.

Yanzu ga maganar. Shekara arba'in da ɗaya ina kan babur, Gezawa zuwa 'Yankaba, da buhun albasa biyu a baya, damina da rani. Ban taɓa zama a bayan wani ba, ko ranar da zazzaɓi ya kama ni a kasuwa ni na kawo kaina gida. Don na gogi katangar masallaci da babur sau ɗaya, katangar da aka gina ta shigo hanya, sai ɗan da na haifa ya zo hutu ya zare mukullin babur ɗina ya hau jirgi da shi. Kai kuma kana tsaye kana kallon ƙasa. Ban manta ba. Mukullin yana nan, na gan shi da idon da aka gyara, a rataye tare da na ofishinsa na jami'a.

To Allah ya kawo mini hanya. Ranar Juma'a bayan masallaci muka zauna a wurin shayin Indiyawa da suke ce wa mamak, da abokan Zulkiflu ɗalibai 'yan ƙasarmu. Suna ta shirin fita ranar Asabar ɗin nan mai zuwa, zuwa wani daji a bayan gari, inda ake hayar babur mai taya huɗu a zaga cikin tsauni. Mus'ab, wani ɗan Zariya mai yawan surutu, ya nuna mini hoton. Taya huɗu, Sharif! Abin da ko ka sake shi ba ya faɗuwa. Na ce da ni za a je. Zulkiflu ya ce, "Baba, a bar maganar." Na ce ba za a bar ta ba. Na ce a gaban kowa, in na zaga dajin nan na dawo, ka ba ni mukullina. Suka hau dariya suna "Boleh, Baba, boleh," wato zai yiwu. Kunya ta kama shi ya amsa.

Saboda haka ka duba mini babur ɗina, in ba ka riga ka sayar ba. Kuma kada ka hau shi, kai da kaji ke wuce ka a hanya.

Wassalam. Yayanka,
Ubale

*

Gezawa
Ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Ubale.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso, na karanta ta da tabarau biyu. Mun yi murna da labarin ido, Allah ya ƙara sauƙi. Azumi tana gaisuwa.

Yaya, babur yana zaure, na lulluɓe shi da tsohon yadi, duk Juma'a ina goge shi. Yaya zan sayar, kuma yaya zan hau, tunda mukulli yana Malesiya?

Katangar masallaci kuwa, tana wurin tun kafin ka yi auren fari. Ranar da kake cewa ina kallon ƙasa, jinin goshinka nake kallo a kan yashi. Da Zulkiflu bai zare mukullin ba, da ni na zare, sai dai ni tsoronka nake ji.

Ina roƙonka da girman Allah. Mai taya biyu ka sani, wannan ba wanda zai yi maka musu. Mai taya huɗu ba ka taɓa ɗora hannu a kansa ba. In har sai ka hau, ka tsaya a nuna maka. Shekararka saba'in da ɗaya, ba abin kunya ba ne a ce maka ga inda ake dannawa.

Kaji kuwa suna wuce ni, gaskiya ne, amma kullum ina isa gida da goshina lafiya.

Ka huta lafiya. Ƙanenka,
Sharif

*

Lembah Pantai, Kuala Lumpur
Ranar Lahadi

Zuwa ga Baffa Sharif.

Assalamu alaikum, Baffa. Ina gaishe ka da girmamawa, da Inna Azumi. Ka kwantar da hankalinka tukuna: Baba yana raye, yana magana, har yana faɗa. Amma ya samu karaya biyu a ƙafar hagu, a idon sawu da ƙwauri. An yi aiki an sa ƙarfe. Ya hana ni kiran waya, shi ya sa na rubuto.

Ga yadda aka yi. Mai koyar da tuƙin a wurin mace ce, dattijuwa, ana ce mata Puan Zuhra. Ta tara mu tana bayani, ni ina fassara wa Baba. Ya ce, "Mace ce za ta koya mini babur?" Ya juya baya yana shurin tayoyi. Hular kwano ma ya ƙi, sai da ta ce ba hula ba tafiya. Baffa, hular nan ta tsage gida biyu. Ka ga abin da ta tare.

Abu uku ta nanata. Totur ɗinsa ba murɗawa ake ba, da babban yatsa ake dannawa. Ba ya kwantawa a kwana kamar babur, mutum ne ke gusar da jikinsa. Sannan komai ya faru kada a sauke ƙafa ƙasa. Duk na faɗa masa, ya ce in rufe masa baki.

A kwana ta biyu, wurin gangare, injin ya ɗaga gefe. Baba ya sauke ƙafa. Tayar baya ta kama ta, sannan injin ya zabura ya kife a kansa. Mu huɗu muka ɗaga.

Laifina ne. Don kunyar abokai na amsa sharaɗin da na san bai kamata ba. Ku yafe mini, ku sa mu a addu'a.

Ɗanka,
Zulkiflu

*

Danau Kota
Sati uku da faɗuwa

Zuwa ga Sharif.

Salamu alaikum. Ina gaishe ka. Na san yaron nan ya rubuto maka, kuma na san ka ce wa Azumi "ai na faɗa masa." Ka faɗa. An ji.

Amma ka saurara, don zan gaya maka abin da babu ɗan jami'ar da ya gane. Ba tsufa ne ya kayar da ni ba. Iyawa ce.

Matar Mus'ab ko keke ba ta taɓa hawa ba, ta zaga dajin nan kaf ta dawo tana ɗaukar hoto. Don me? Don ba ta san komai ba, abin da aka ce mata shi ta yi. Ni kuwa da na shiga kwanar, na kwantar da jiki yadda na saba, ina jiran abin ya kwanta tare da ni. Ya ƙi. Kamar ka hau tebur. Da na ji ya ɗaga, wallahi ban ce wa ƙafata ta sauka ba. Ita ta sauka da kanta. Shekara arba'in da ɗaya tana tare mini faɗuwa, a yashi, a laka, a gaban tirela. Ba ta san a wannan akwai wata taya a bayanta daidai inda take sauka ba. Da zafi ya ratsa ni na damƙe hannu, yadda ake damƙewa a babur in za a tsaya. Damƙar nan ita ta danna totur. Nauyinsa kuwa kamar bijimi ya zauna maka a ƙirji.

Matar nan mai koyar da tuƙin ta zo duba ni a asibiti da ledar 'ya'yan itace masu gashi. Na juya fuska bango. Ba ta tafi ba. Ta sa Zulkiflu ya fassara: wai waɗanda suka fi jin ciwo a wurinsu ba masu tsoro ba ne, tsofaffin 'yan babur ne. Ta nuna mini ƙafarta, akwai tabon ɗinki har ƙwauri. Ita ma babur ta fara. Na ci 'ya'yan itacen, ba laifi.

Jiya Zulkiflu ya shigo ɗaki ya durƙusa, idonsa ja, ya ajiye mukullin a kan filo. Ya ce, "Baba, ga shi, ka yafe mini." Na ce ɗauke abinka. Na ce in na zaga na dawo. Na zaga? Na dawo? A motar asibiti na dawo. Ba zan shiga Gezawa da mukullin tausayi ba, a ce an ba tsoho don ya daina kuka.

An ƙara mini kwanakin biza saboda ƙafar. Likita ya ce wata huɗu. To wata huɗu. Zan koma dajin nan.

Kada ka rubuto mini wa'azi.

Yayanka,
Ubale

*

Gezawa

Yaya, salamu alaikum, ya jiki? Allah ya ba da lafiya.

Ba wa'azi zan yi ba. Yaron ya ba ka mukulli, ka karɓa ka dawo. Ba wanda zai ce komai a layin nan, wanda ya ce ni zan amsa masa. Ƙafa ɗaya ta rage maka mai lafiya, ita kake son kai musu?

Ƙanenka,
Sharif

*

Danau Kota
Ranar Asabar, bayan la'asar

Sharif,

Salamu alaikum. Wata huɗu ban amsa maka ba, don na ce ba wa'azi ka yi wa'azi. Yau zan amsa.

Ba zaune nake ba duk kwanakin nan. Kausar ta ba ni abin maƙale shanya, kullum ina danna shi da babban yatsa ina saki a hankali, har yatsan ya koyi ladabi. Na jera manyan littattafan Zulkiflu biyu a ƙasa, in zauna a kujera in ɗora ƙafafuna a kai, Kausar ta hankaɗa kujerar ba zato. Da farko ƙafar na sauka. Kwana ashirin tana sauka. Daga baya ta daina. Yau na san amfanin littattafan nan.

Da safe muka je, ni da Zulkiflu kawai, ban yarda a zo da 'yan dariya ba. Na sa hular da hannuna. Na tsaya gaban matar na ce, "Malama, ɗan koyo ne ya zo." Zulkiflu ya kalle ni kamar bai san Hausa ba, sai da na ce fassara mana. Ta yi bayaninta daga farko, na ji har ƙarshe, inda ban gane ba na ce a maimaita. Ta sa na zaga fili sau goma kafin mu shiga daji. Ni, Ubale, ina zaga fili kamar jakin da ake horo.

Muka shiga, tana gaba ina biye. Hawa, in sunkuya gaba. Gangare, in ja baya. Gudun kuwa da ka gani da ka ce kai ne kake tuƙin. Na zaga, Sharif. Na dawo a kan injin, ƙafafuna biyu a inda aka ce su zauna. Zulkiflu ya ciro mukullin daga cikin nasa, ya miƙo da hannu biyu. Na karɓa.

Saura magana ɗaya, kuma daga ni sai kai. A kwanar nan da na faɗi, ta tsaya ta ɗaga hannu tana nuna hagu. Na duba ban ga komai ba. Sai da na juyar da kai gaba ɗaya na sa idon dama, na ga saiwar itace, kaurinta ya kai cinyata, kwance a gefen hanya. Ita ta ɗaga ni wancan karon. Ranar ban gan ta ba, yau ma ban gan ta ba sai da aka nuna mini.

Katangar masallacin nan, Sharif, ta hannun hagu take, ko?

Ubale

*

Gezawa

Yaya, wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya yi maka albarka kai da Zulkiflu.

Eh. Ta hagu take.

An ce jirginku ranar Laraba. In sa a yi wa babur iska a zuba mai, ko in bar shi a lulluɓe?

Sharif

*

Danau Kota
Ranar Litinin

Sharif, salamu alaikum.

Ka yaye yadin. A yi iska, a canza baƙin mai, a duba birki. Mukulli yana aljihuna, da gumina na karɓo shi, kuma a aljihuna zai riƙa kwana. Ba wanda zai ƙara zare shi.

Ranar Juma'a zan miƙa maka shi a ƙofar gida. Kai za ka ja mu masallaci, ni a baya. In mun dawo ka mayar mini da abina.

Ka bi a hankali wajen katangar. Amma in kaza ɗaya ta wuce mu, zan sauka in tafi a ƙasa.

Ka gaida Azumi, ka ce ta tuƙa tuwon dawa. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Ubale